Share fuskar ƙarfe a injin CNC: kai-da-komo, hanya ɗaya, ko zagaye?

Aikin farko da ake yi wa kusan kowane guntun ƙarfe da ya hau teburin injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, shi ne a share masa fuska. Daga wannan shimfiɗar ake ɗaukar duk wani awo da zai biyo baya: zurfin rami, kaurin kaya, wurin da murfi zai zauna. Amma da yake aikin ba shi da lungu da saƙo, masu tsara shirin inji da yawa ba sa tsayawa su yi tunani a kansa. Abin da manhaja ta fito da shi, shi ake tura wa inji. Sai bayan an sauke kaya a ga fuska ta yi layi-layi, ko baki ya yi kaifi, ko kuma haƙoran wuƙa, wato faifan yankan da inji ke juyawa, sun ɓantare tun ba su yi rabin kwanansu ba, a ɗora laifin a kan ƙarfe ko a kan mai sayar da insat, wato ƙananan haƙoran da ake ɗaura wa wuƙar. Sau da yawa laifin yana kan hanyar da aka zaɓa wa wuƙa ta bi.

Hanyoyin ba su da yawa. Ko dai wuƙa ta je ta dawo tana yanka ta kowane ɓangare, ko ta yi yanka ta gefe ɗaya ta ɗaga ta koma, ko ta zagaya daga waje zuwa ciki, ko kuma a samo babbar wuƙa ta share fuskar a tafiya guda. Manhajar Mastercam ta jera su da sunayen Zigzag, One way, One pass da Dynamic. A manhajar Fusion, cikin aikin Face, za ka zaɓi yanka ta ɓangare biyu ko ta ɓangare ɗaya. Injinan Heidenhain suna da zaɓin a cikin Cycle 233, na Siemens kuma a CYCLE61. Wanda ke rubuta G01, umarnin yanka a miƙe, da hannu ma zaɓin nan guda ne a gabansa.

Kafin a auna su, akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe, don shi ne tushen duk bambancin: yadda haƙori ke shiga ƙarfe da yadda yake fita. Kabaid, abu mai tauri da ake yin haƙoran da shi, yana da juriyar danna amma ba ya son fizga. In haƙori ya shiga ƙarfe ya kama ɓawo mai kauri, wato ɓarɓashin da yake yankowa, ya fita ɓawon ya sirance har ya ƙare, to ya sami abin da yake so. Wannan shi ne yankan gangara, wanda manhajoji ke rubutawa climb. In kuwa ya fara da gogar ƙarfe daga sifiri, ya fita da ɓawo mai kauri a bakinsa, nauyin da ke kansa zai sake shi farat ɗaya, kuma a nan bakin kabaid ke tsagewa. Wannan shi ne yankan hawa, conventional. Gogar da yake yi a farkon shiga ma wata matsala ce: zafi take haifarwa, kuma a ƙarfen sitenles tana taurara fatar da haƙori na gaba zai tarar.

Ɗauki wuƙa mai faɗin milimita 63, a ba ta tazarar layi ta kashi 70 cikin 100, wato kusan milimita 44. Gefe ɗaya na yankan bango ne na ƙarfen da ba a taɓa ba, inda kaurin ɓawo sifiri ne. Ɗaya gefen buɗe yake, kuma a nan kaurin ɓawo ya kai kusan kashi 92 cikin 100 na abin da aka ba kowane haƙori. A yankan gangara haƙori ta buɗaɗɗen gefen yake shiga, ya fita ta bango. A yankan hawa akasin haka ne, yana fita da kusan cikakken kauri. Injin da sandarsa mai riƙe wuƙa ke juyawa da M03, wato ta bin juyin agogo, in ƙarfen da ba a yanka ba yana hannun dama na inda wuƙa ta dosa, gangara ake yi.

Kai-da-komo

Wannan ita ce hanyar da ido ya fi sabawa da ita, kamar huɗar shanu a gona: a je ƙarshen kunya, a juyo, a kamo ta kusa. Wuƙa ba ta ɗagawa, ba ta yawo a iska, shi ya sa ake cewa ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri. Abin tambaya shi ne da nawa.

A yi lissafi da farantin baƙin ƙarfe mai tsawon milimita 300 da faɗin 200. Wuƙar nan ta 63 mai haƙora 5, a gudun yanka na mita 200 a minti, za ta yi juyi kusan 1,010 a minti. In kowane haƙori ya ɗebi milimita 0.2, tafiyar ta kama milimita 1,000 a minti. Layi 5 ake buƙata. In an bi hanya ɗaya, kowane layi da shigarsa da fitarsa gaba ɗaya zai kai milimita 375, jimla sakan 112, a ƙara kamar sakan 8 na ɗagawa da komawa a gudun G00, wato gudun tafiya ba yanka, in injin yana yin mita 20 a minti. Minti 2 ke nan. A kai-da-komo wuƙa ba sai ta fita gaba ɗaya ba kafin ta juyo, amma matsawar da take yi zuwa layi na gaba a gudun yanka take yin ta, sai jimlar ta tsaya wajen sakan 110. Ribar sakan 10 ce a cikin minti 2.

Me aka biya don samun sakan 10 ɗin? Layi biyu cikin biyar yankan hawa ne, haƙora na fita da ɓawo mai kauri. Ƙarfin da ke tura kaya yana sauya ɓangare a kowane layi, don haka in ɗaurin bai yi ƙwari ba kayan na iya motsi. Fuskar kuma za ta fito launi biyu, layi mai haske kusa da layi mai duhu, ko da yatsa bai ji wani tudu ba. Ga wanda ke sayen insat da aka shigo da shi daga waje, farashinsa na bin dala, ban ga hikimar sadaukar da bakin haƙori saboda sakan 10 a kan faranti guda ba.

Amma lissafin yana sauyawa in ƙarfen ya sauya. A alminiyam irin 6061, wuƙar nan za ta iya yin juyi 4,000 da tafiyar milimita 3,000 a minti. Yanzu kowane layi sakan 7 da rabi ne, komawar G00 kuwa tana nan yadda take. Hanya ɗaya za ta ci sakan 45, kai-da-komo 37. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin ke nan, kuma alminiyam ba ya wahalar da kabaid yadda baƙin ƙarfe ke yi. In kana da kaya 500, ko kana sauke milimita 10 a hawa biyar, to kai-da-komo ta ci sunanta. Haka ma a kan injin da gudun G00 ɗinsa ba shi da yawa, irin ƙananan injinan tebur da manyan rawutoci na katako da roba. A can komawa fanko tana cin lokaci sosai.

In za ka bi ta, ka sa juyawar ƙarshen layi ta zama lanƙwasa da G02 ko G03 maimakon kusurwa biyu. Inji ba zai tsaya cak ba, kuma wuƙa ba za ta bar tambarin zobe a inda ta dakata ba.

Hanya ɗaya

Ita nake zaɓa a duk sharewar ƙarshe, kuma ita nake zaɓa ga baƙin ƙarfe da sitenles ko a sharewar farko, sai in da wani dalili. Kowane layi gangara ne. Ƙarfin yanka ɓangare guda yake turawa, don haka za ka iya tsara shi ya tura kayan zuwa muƙamuƙin bais, matsen da ke riƙe kaya, wanda ba ya motsi. Zanen da haƙora ke bari iri ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai kuma wata fa'ida da duk wanda ke aiki inda wuta ke ɗaukewa ba sallama zai gane: kowane layi yana farawa ne daga wajen kaya, saboda haka in inji ya tsaya a tsakiya, sai a koma farkon layin a ci gaba.

Rauninta yana wajen shiga. Layi biyar, shiga biyar. In wuƙa ta doshi gefen ƙarfe kai tsaye, haƙoran farko da suka taɓa shi suna fita da ɓawo mai kauri har sai jikin wuƙar ya nutse sosai, kuma za ka ji injin yana bugawa a daidai wannan lokacin. Maganin da kamfanonin wuƙa irin su Sandvik Coromant ke bayarwa shi ne a shigo da lanƙwasa, wuƙa ta mirgino cikin ƙarfe ta bin juyin agogo, ta yadda ɓawon fita zai kasance siriri tun daga haƙorin farko. In ta mirgino ta ɗaya ɓangaren ba a yi komai ba. Inda manhaja ba ta ba da wannan dama, a rage tafiya zuwa rabi har wuƙar ta gama shiga. Mutane da yawa sun bar kai-da-komo sun koma hanya ɗaya ba su ga haƙora sun ƙara kwana ba, kuma dalilin ke nan: sun gyara tsakiyar layi sun bar farkonsa.

Wajen fita kuma, a sharewar ƙarshe, a bar wuƙa ta fice gaba ɗaya kafin ta ɗaga. In ta ɗaga bayanta na kan kaya, rabin zobe zai bayyana a fuskar. A sharewar farko ba komai, ana iya gajarta layin a ceci lokaci.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce ta wane ɓangare za a ja layukan. A farantin misalinmu, in an bi tsawo layi 5 ne, in an bi faɗi layi 7. Jimlar tafiyar ba ta bambanta sosai ba, milimita 1,875 da 1,925, amma shiga ta ƙaru da biyu, mahaɗar layuka ma ta ƙaru. Bin tsawo ya fi, sai dai in ɗaurin kaya ya ce a'a.

Tafiya guda

In fuskar za ta riƙe mai ko iska ko ruwa, ko za a ɗora mata gasket mai hana ɗigo, babu abin da ya kai a share ta a tafiya guda. Babu mahaɗa, don haka babu tudun da zai bar ɗigo. Masu gyaran kan injin mota sun daɗe da sanin haka, shi ya sa injin da suke share kan silinda da shi yake da faifan yanka wanda ya fi kayan faɗi.

Ƙa'idar ita ce wuƙa ta fi faɗin yankan da kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Kaya mai faɗin milimita 100 yana son wuƙa ta 125. Kuma kada a ɗora tsakiyar wuƙa daidai kan tsakiyar kaya. In an yi haka, ƙarfin da ke tura wuƙar gefe yana ta sauya ɓangare, sai karkarwa ta taso. A gusar da ita kaɗan zuwa hagu ta yadda haƙori zai shiga da kauri ya fita da siranta.

Matsalar ita ce ba kowane inji ke iya ɗaukar wannan wuƙa ba. A mita 200 a minti, wuƙa ta 125 juyi 510 kawai za ta yi. Da haƙora 8, kowanne na ɗibar milimita 0.2 kamar a baya, zurfin milimita 2 da faɗin 100, tana cire kusan santimita kubik 160 na baƙin ƙarfe a minti, abin da ke neman fiye da kilowat 5. Adadin ba shi da ban tsoro a takarda, amma a juyi 510 yana nufin ƙarfin murɗa na kusan newton-mita 100, kuma injinan da aka gina don gudu, musamman masu ƙaramar sanda irin BT30, ba su da wannan ƙarfin a ƙaramin juyi. Lambar kilowat da aka rubuta a jikin inji a babban juyi ake samunta. A duba jadawalin ƙarfin sandar kafin a sayi babbar wuƙa. Abin da ya fi dacewa ga matsakaicin inji shi ne a sauke nauyin da wuƙa ta 50 ko 63, a bar milimita 0.3 zuwa 0.5, sannan babbar ta zo ta shafe sau ɗaya. Ga ƙaramin inji da alminiyam, wuƙa mai haƙori ɗaya tal, wadda ake kira fly cutter, tana ba da fuska mai kyau ƙwarai, domin babu wani haƙori da zai fi wani tsawo. Jinkiri ne kawai da ita.

Zagaye daga waje zuwa ciki

Wannan hanya ba ta samun kulawar da ta cancanta. Wuƙa na shiga sau ɗaya, ta bi gefen faranti ta bin juyin agogo, ta riƙa matsowa ciki har ta gama. Duk tafiyar gangara ce kamar hanya ɗaya, kuma babu yawo a iska kamar kai-da-komo. A babban faranti, inda layuka za su kai goma ko ashirin, rage shiga daga ashirin zuwa ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne ga haƙora.

Akwai kuma batun baki. Da yake a zagayen farko haƙora daga waje suke shigowa suna tura ƙarfe ciki, kaifin da ke tsirowa a gefen kaya yana raguwa sosai. A ƙarfen zubi, wanda bakinsa ke ɓarewa in haƙori ya fita ta gefen da ba shi da madogara, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta.

Aibinta a ido yake. Kowace kusurwa da wuƙa ta karya tana barin alama, sai a ga zane ya ratsa daga kusurwoyi huɗu zuwa tsakiya. Lanƙwasa kusurwoyin yana rage shi, yana kuma hana nauyin yanka tashi kwatsam, amma ba ya goge shi duka. Don haka wuri mafi dacewa da ita shi ne sharewar farko, hanya ɗaya ta zo ta ƙarasa. Hanyar Dynamic ta Mastercam 'yar'uwarta ce: manhaja na lissafa lanƙwasar ta yadda faɗin da wuƙa ke ci ba zai sauya ba, kuma tana da amfani a fuskar da ba murabba'i ba ce. Zagaye daga ciki zuwa waje kuwa ban ba da shawararsa ba. Dole wuƙa ta nutsa a tsakiya, alhali yawancin wuƙaƙen share fuska ba sa yanka da cibiyarsu, sannan zagayen ƙarshe yana ƙarewa a bakin kaya inda ba a so.

Abubuwan da ke rushe duk wannan lissafin

Na farko shi ne injin kansa. Yankan gangara yana jan tebur zuwa cikin wuƙa. Injin da sukurun da ke tura teburinsa na ƙwallo ne (ball screw) mai lafiya ba ya damuwa. Amma tsohon inji, ko na hannu da aka ɗora wa injin lantarki mai juya sukuru aka mayar CNC aka bar masa sukurunsa na asali, yana da wasa a tsakanin sukuru da goro, kuma gangara za ta fizgi teburin ta cike wannan wasan a bugu ɗaya. Haƙori na iya karyewa, kaya na iya tashi. A irin wannan inji hanya ɗaya za a bi, amma ta hawa. Haka nan ƙarfen zubi mai fatar yashi ko farantin da aka yanko da wuta: a hawan farko gara haƙori ya taso daga ƙarƙashin fatar da ya riƙa dira a kanta, kuma zurfin ya isa ya wuce fatar.

Na biyu, tsayuwar sanda. In ta karkata ta gefen layi, kowane layi zai zama ɗan gangare, a sami mataki a mahaɗa. Karkatar milimita 0.02 a cikin 100 tana ba da mataki na kusan 0.009 a tazarar milimita 44. Farce zai ji shi. In kuma ta karkata ta inda ake tafiya, bayan wuƙa zai riƙa shafar kaya a ɓangare ɗaya, ba ya shafa a ɗayan, kuma a kai-da-komo ne wannan ya fi fitowa fili. Babu hanyar da za ta ɓoye wannan matsala. Babbar wuƙa ma ƙara ta take yi, don fuskar za ta yi ɗan kwari a tsakiya. A sa agogon awo a sanda a zagaya tebur kafin a zargi manhaja.

Na uku, kusurwar haƙori, domin ita ke faɗin inda ƙarfin yanka zai dosa. Mai digiri 45 shi ne na yau da kullum: yana raba ƙarfin tsakanin gefe da ƙasa, yana sirantar da ɓawo zuwa kashi 71 cikin 100 na tafiyar haƙori, kuma ya fi tausaya wa bakin ƙarfen zubi. Mai digiri 90 yana tura gefe, ba ya danna ƙasa sosai, don haka shi ya dace da siririn faranti da zai lotsa, ko fuskar da ke da bango a gefenta. Mai digiri 10, na saurin tafiya, ɓawonsa kashi 17 ne kawai, shi ya sa ake ba kowane haƙori milimita 1 ko fiye a zurfin da bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Da irin wannan wuƙa tafiya na kai mita 4 ko 5 a minti ko a baƙin ƙarfe, hawa kuma suna da yawa, don haka komawa fanko ta zama asara ta gaske. Zagaye ya fi dacewa da ita. Ba ta barin fuska mai santsi, dole wata wuƙa ta biyo bayanta.

Santsin kansa ba daga hanya kaɗai yake zuwa ba. Kowane insat na share fuska yana da ɗan shimfiɗaɗɗen baki a ƙasa, kuma muddin tafiyar wuƙa a juyi guda ba ta wuce faɗin wannan bakin ba, haƙorin da ya fi sauka shi zai shafe fuskar. A misalinmu haƙora 5 sau 0.2 milimita 1 ne a juyi. In wuƙar ta fi haka yawan haƙora har tafiyar ta zarce, sai a sa insat mai faɗin baki guda ɗaya, wanda ake kira wiper, ya ɗan fi sauran sauka ya goge bayansu.

Ruwan sanyaya ma yana da alaƙa da zaɓin. Haƙorin share fuska yana zafi a cikin ƙarfe, ya fito ya huce, sau ɗaruruwa a minti. In ruwa na zuba masa a lokacin da ya fito, bambancin zafin na ƙaruwa, ƙananan tsagu su jeru a bakinsa. Shi ya sa ake sharewar farko ta baƙin ƙarfe da ƙarfen zubi a bushe, iska na kore ɓarɓashi. Alminiyam shi ke son ruwa, don kada ya manne wa haƙori. A hanya ɗaya ɓarɓashi ɓangare guda yake fita, bututun iska ɗaya ya wadatar. A zagaye yana fita ta ɓangarori huɗu, wani ya faɗo kan inda aka riga aka share, wuƙa ta sake taka shi.

Ramuka da tsagu kuwa, in da hali, a bar su sai bayan an share fuska. Kowane rami da wuƙa ta ratsa wata sabuwar fita da shiga ce ga kowane haƙori. In kayan ya zo da ramukansa, kamar kan silinda ko murfin giya, a rage tafiya a daidai wurin, ko a tsara layin ta yadda ramin zai faɗo kusa da gefen da ɓawo yake siriri.